Butalin gas mai kilo 6 a Damagaram: abin da ya iya, abin da ya kasa, da waɗanda cikonsa ke hannunsu

Ga gidan da bai wuce mutum biyar ko shida ba, a Birni ne ko Zongo ko Garin Malam, butalin gas mai kilo 6 ya fi itace da gawayi araha, ya fi su tsabta, ya fi su sauri, muddin ana samun cikonsa a kuɗin da hukuma ta yanke. Wannan sharaɗin shi ne ƙashin bayan maganar, domin ranar da ciko ya ɓace daga gari, butalin ya zama ƙarfen banza a kusurwar madafa, uwargida kuma ta koma wurin mai itace. Za mu fara da kayan da kansa, sannan mu je ga masu iko da shi.

Abu uku ake saye tare. Akwai butalin, akwai kan murhun da ake murɗawa kai tsaye a bakinsa ba tare da tiyo ba, akwai kuma ƙarfen da ke zagaye da kan, wanda tukunya ke zama a kansa. Butalin kamfanoni ne ke da shi, kowane da launinsa da sunansa, kuma mai sayar da ciko yawanci ba ya karɓar sai na kamfanin da yake hulɗa da shi. Saboda haka kafin a sayi butali, a zagaya unguwa a ga wane launi ne ya fi yawa a shaguna da gidajen mai na kusa. Wanda ya sayi launin da ba kowa ke musanyarsa ba zai riƙa biyan kabu-kabu zuwa wani gefen gari duk bayan mako biyu, kuɗin da ya so ya rage kuwa a nan zai tafi.

A jikin kowane butali, wajen mariƙi ko wuya, an buga nauyinsa idan babu komai a ciki. Wannan lambar ita ce kariyar mai saye. Idan an buga 8, to cikakken butali sai ya nuna kilo 14 a sikeli. Idan ya nuna 13, an rage kilo guda, wato kashi ɗaya cikin shida na kuɗinka. Girgiza butali a ji ƙarar ruwa ba ya nuna komai, don ba a cika shi har baki ko a masana'anta. Ana barin kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari fanko domin gas ya samu wurin kumbura idan zafi ya tashi. Ƙaramin sikelin rataye irin na masu sayar da kifi ya wadatar. A duba kuma hatimin roba da ke rufe bakin: idan ya sake, ko alamar an ɗora shi da hannu, a bar wannan a ɗauki wani. Butalin da gindinsa ya ci tsatsa har yana ɓarewa, ko wanda ya loma a gefe, shi ma a ƙi shi, ko da mai shago ya rantse cewa cike yake.

Yanzu lissafi, don a nan ne ake gane ko abin ya biya. Farashin hukuma da aka daɗe ana aiki da shi shi ne jika ɗaya da dala 160 ga ciko mai kilo 6, da jika uku da dala 150 ga babban mai kilo 12 da rabi. A kuɗin sefa jika ɗaya dala 200 ce, saboda haka duka biyun sun zo dala 60 kowane kilo. Kilo guda na gas yana ɗauke da zafin da ya kusan ninka na busasshen itace sau uku, amma babban bambancin ba a nan yake ba, yana wurin abin da ke isa gindin tukunya. Kan murhun gas mai kyau yana kai sama da rabin zafinsa ga tukunya. Murhun duwatsu uku kuwa, a filin tsakar gida inda iska ke kaɗawa, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kawai yake kaiwa, saura ya bi iska. Idan aka haɗa biyun, ciko ɗaya mai kilo 6 yana yin aikin itace kusan kilo 70 a kan duwatsu uku, ko gawayi kusan kilo 20.

Daga nan kowa zai iya yi wa gidansa awo. A sayi itacen yini ɗaya kamar yadda aka saba, a rataye shi a sikeli, a raba kuɗin da nauyin. Idan kilo na itace ya wuce dala 5, gas ya fi araha. Idan gawayi ake amfani da shi, iyakar ita ce dala 18 a kilo. A cikin gari, inda ake sayen itace ƙulli-ƙulli, ba kasafai ake samunsa ƙasa da dala 5 a kilo ba, kuma da damina, lokacin da itacen ke jiƙe yana hayaƙi yana ƙin kamawa, tazarar sai ta ƙaru. Tafasa ruwa lita biyar a tukunya mai murfi yana cin gas kusan giram 60, ƙasa da dala 4 ke nan. Kan murhun yana shan giram 150 zuwa 200 a awa idan an buɗe shi sosai, saboda haka gidan da wuta ke ci awa biyu a yini zai yi kwana 15 zuwa 20 da ciko ɗaya. Gidan da ciko ke ƙare musu a kwana goma alhali girkinsu bai fi haka ba, ɗaya cikin uku ne: ko ana rage musu awo, ko akwai yoyo, ko ana girki da babbar wuta babu murfi.

Wannan na ƙarshen shi ya fi yawa, kuma ba laifin kowa ba ne, sabo ne da itace. Da zarar ruwa ya tafasa ba ya ƙara zafi, komai girman wutar. Miya ko shinkafa da ta tafasa, a rage wuta zuwa inda take ɗan motsi kawai, a rufe. Wake a jiƙa shi tun dare, ya rage kusan rabin lokacin dahuwa. Harshen wuta kada ya fito ta gefen tukunya, duk wanda ya fito asara ne. Iska kuma babbar ɓarauniya ce: a lokacin hunturu, girki a fili ba tare da kariya ba yana iya ninka abin da ake ƙonawa. A yi kariyar da langa-langa ta gefen da iska ke zuwa, amma ta tsaya daidai tsawon kan murhu, kada ta rufe butalin ruf, don zafi ba abokin butali ba ne.

Ga inda kayan ke da rauni na gaske. An yi wannan butali ne don ƙaramar tukunya, ba don tuwon gidan mutum goma sha biyar ba. Tukunya tana zaune a saman abu mai tsawo mai siririn gindi. Idan aka ɗora babbar tukunyar alminiyam mai zagayayyen gindi aka sa muciya da ƙarfi, komai yana rawa, kuma tuwo mai tafasa idan ya kife a ƙafa ba ƙaramin ƙuna ba ne. Tuwon tiya guda zuwa ƙasa ana iya tuƙa shi da kulawa, fiye da haka a nemi wata dabara. Maƙeran gari suna ƙera ƙarfe mai ƙafafu da ke tsayawa a ƙasa da kansa, butalin ya shige ƙarƙashinsa, nauyin tukunya ya sauka kan ƙafafun ba kan butalin ba. Wannan ya cancanci kuɗinsa. A tabbatar tazarar da ke tsakanin kan murhu da gindin tukunya ba ta wuce yatsu biyu ba. Idan ta yi nisa zafi ya watse, idan ta matse wutar ta rasa iska ta yi ja. Tukunya mai faɗi sosai kuma tana mayar da zafi ƙasa zuwa bakin butalin, inda robar da ke toshe yoyo take. Idan aka taɓa saman butalin a tsakiyar girki aka ji ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, a kashe, tukunyar ta fi ƙarfinsa. Babban gida, ko mai sayar da abinci, ya fi masa kyau ya ɗauki mai kilo 12 da rabi da teburin murhu na ƙasa, da tiyo, da na'urar rage ƙarfin gas da ake ɗaurawa a bakin butali.

Yawancin matsalolin kan murhu daga abu biyu suke. Na farko ƙaramar robar nan da ke tsakanin kai da bakin butali. Zafin Afrilu da Mayu, da ya saba wuce digiri 40, yana busar da ita ta tsage. Duk lokacin da aka canja butali a dube ta, kuma a ajiye biyu ko uku a gida, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Bayan an murɗa kan, da hannu kawai ba da filaya ba, a shafa kumfar sabulu a mahaɗar. Idan kumfa ta riƙa hurowa, akwai yoyo. Ba a gwada yoyo da ashana, ko sau ɗaya. Na biyu shi ne ƙaramin ramin da gas ke fitowa ta ciki. Ƙurar hunturu, miyar da ta zube, ko saƙar gizo a bututun da iska ke shiga, suna toshe shi, sai wuta ta koma ja ko rawaya, tana baƙanta tukunya tana cin gas. Wuta mai lafiya shuɗiya ce, tsayayya, mai ɗan ƙara. A kwance kan daga butali, a wanke shi da ruwan sabulu da tsohon buroshi, a busa ramin, a bar shi ya bushe sarai. Kada a soka allura ko ƙusa don a buɗe ramin. Da zarar ya faɗaɗa ko da kaɗan ne, wutar ba za ta sake yin shuɗi ba, sai dai a sayi sabo. Kawunan murhu masu arha da ke cika kasuwa, marasa nauyi, zaren murɗinsu yana cinyewa cikin 'yan watanni. Wanda mahaɗarsa ta tagulla ce mai nauyi a hannu ya fi tsada, amma araha ba ta ado a abin da ke riƙe da wuta.

Da safiyar Disamba da Janairu za a ga wutar ta yi sanyi, musamman idan ciko ya kusa ƙarewa. Ba lalacewa ba ne, gas ɗin ne ke jinkirin tashi daga ruwa zuwa iska idan gari ya yi sanyi. Kada a kwantar da butali, kada a kifa shi, kada a kai shi kusa da garwashi don ya ɗumama. Butali tsaye yake aiki, tsaye ake ɗaukarsa a babur, kuma a cire kan murhun kafin a ɗora.

Gas ya fi iska nauyi kusan sau biyu, saboda haka idan ya zuba ba ya tashi sama, ƙasa yake bi ya taru a kwari. Shi ya sa ba a ajiye butali a ɗakin kwana, ko kusa da bakin masai, ko ramin ruwa. Warin da ake ji da gangan aka zuba shi don ya yi gargaɗi. Idan an ji shi a ɗaki: kada a taɓa makunnin lantarki, kada a kunna tocilan, a rufe makullin gas ɗin, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da butalin fili. Idan wuta ta kama a bakinsa kuma hannu na iya kaiwa, a jiƙa buhu ko bargo a lulluɓe, a rufe makullin. Idan ta fi haka, a fitar da yara da kowa, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. Tsoron gas ya hana gidaje da yawa sayensa, kuma tsoron yana da dalili, amma a tuna cewa hayaƙin itace shi ma yana kisa, a hankali ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum kusan miliyan 3.2 a duniya a 2020, kuma mata da ƙananan yara da ke goye a bakin murhu su ne suka fi shaƙa.

To, daga ina cikon yake zuwa, kuma me ya sa yake yankewa? Gas ɗin da ake girki da shi a Nijar daga matatar SORAZ yake fitowa, wadda ke nan arewa da gari, kimanin kilomita 50 a hanyar Tanout. An buɗe ta a Nuwamba 2011, tana iya tace ganga 20,000 a yini, ɗanyen man kuma yana zuwa ta bututu daga Agadem. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 cikin ɗari, gwamnatin Nijar 40. Kafin matatar, gas daga waje ake shigo da shi, abin 'yan ƙalilan ne a Yamai. Bayanta aka yanke farashin da muka ambata, kuma wannan shawara ɗaya ta siyasa ta yi wa dazuzzukan da ke ciyar da birane aikin da shekaru na wa'azi ba su yi ba. Sai dai matata guda ce ga ƙasa duka. Gas kuma ɗan rakiya ne a aikin tacewa, yawansa yana bin yawan man da aka tace, ba ya bin yawan gidajen da suka sayi butali. Gidajen suna ƙaruwa kowace shekara, abin da ke fitowa yana da iyaka. Idan aka tsayar da matatar don gyara, rumbunan ajiya ba su da girman da za su ɗauki ƙasar tsawon lokaci, sai layi ya bayyana a gidajen mai.

Kan wannan akwai masu jan gas ɗin ta wasu hanyoyi. Farashinsa a nan ya yi ƙasa da na ƙasashen maƙwabta, iyaka kuma ba ta da nisa daga Magaria da Matameye, don haka fasa-ƙwauri yana da riba. Masu noman rani da yawa sun mayar da injunan ban ruwansu zuwa gas saboda ya fi fetur sauƙi, kuma ba wanda zai ga laifinsu, lissafi suka yi kamar kowa. Amma sakamakon shi ne, gas ɗin da aka rage wa kuɗi don uwargida ta bar itace, yanzu tana takara da injin da 'yan kasuwar kan iyaka a kansa. Abin ya fi ciwo a Damagaram, inda mutane ke ganin manyan motocin gas suna ratsa gari zuwa yamma alhali butalinsu fanko. A irin wannan lokaci ne ake ganin ciko a jika biyu da rabi ko uku a bayan fage, da masu ɗura gas daga babban butali zuwa ƙarami a lungu. Wannan ɗurin a guje shi ko da kyauta ne: babu sikeli, babu mai duba lafiyar butalin, kuma butalin da aka cika fiye da kima aka bar shi a rana shi ne wanda ke fashewa.

Bayan yankewar ciko, shinge na biyu shi ne kuɗin shiga. Butalin fanko da kai da ƙarfe sun ninka kuɗin ciko sau da yawa, kuma a dunƙule ake biya. Matar da ke sayen itacen dala 40 kullum ta san gas ya fi araha, amma dala 40 ɗin ce ke hannunta yau, ba jikkuna ba. Nan ne manufa ta gaza. Rangwamen da ke kan ciko yana zuwa ga wanda ya riga ya mallaki butali, wato mai ɗan hali, talaka kuwa yana ci gaba da biyan makamashi mafi tsada a gari. Senegal ta fara tura mutanenta ga gas tun 1974, kuma abin bai kama sosai ba sai da aka fito da ƙananan butula da murhun da ya dace da tukwanensu aka kuma sauƙaƙa kuɗinsu. A ganinmu, jika ɗaya da aka sa wajen rage kuɗin butalin farko, ko wajen ba da shi bashi ana biya kaɗan-kaɗan, ta fi jika ɗaya da aka ƙara kan rangwamen ciko amfani. Kafin hukuma ta yi, adashi yana yi: mata goma, kowane zubi a saya wa ɗaya.

Itace dai ba zai bar madafar Damagaram gobe ba. Fiye da gida tara cikin goma a Nijar da itace ko kara ko gawayi suke girki, birnin nan kuma ya haura mutum 300,000 tun ƙidayar 2012. Saboda haka tambayar wa ke da iko da itacen ta shafi mai butali ma, don can zai koma duk ranar da ciko ya yanke. Tarihin abin a nan yankin yana da darasi. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya hana sare gawo da hukunci mai tsanani. Turawan mulkin mallaka da dokarsu ta 1935, sannan dokar daji ta 1974, sun mayar da itatuwa mallakar gwamnati, har gawon da ke tsakiyar gonar mutum sai da izinin 'yan gandun daji zai taɓa shi. Manomi ya ga itacen da ba nasa ba ne, tara kawai yake jawo masa, sai ya riƙa kawar da tsiron tun yana ƙarami. Bayan farin 1973 aka yi taron Maradi na 1984 kan yaƙi da hamada, aka zuba kuɗi a dashen itatuwa, mafi yawansu ba su rayu ba. Abin da ya rayu shi ne wanda manoma suka yi da kansu, sassaben zamani: a bar kututturen da ke gona ya toho, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a datse saura a kai gida a yi girki. Binciken da masanin Nijar Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya samu kusan hekta miliyan ɗaya a Magaria da Matameye da Mirriah da gawo ya sake rufewa ta wannan hanya, kuma ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin ƙasar baki ɗaya. Doka daga baya ta biyo: ta 1992 da ta kafa kasuwannin itace na karkara ta ba ƙauyuka rabo a harajin itace, sabuwar dokar daji ta 2004, sannan ƙudurin 2020 da ya amince wa manomi hakki kan itacen da ya raina. A dajin Takieta ma, sai da aka sa mazauna kewayensa da makiyaya cikin kula da shi sannan aka samu kansa.

Abin da wannan ke nufi ga mai saye a gari shi ne, itace ba duka ɗaya ba ne. Ƙananan rassan sabara da kalgo da geza da aka datso daga gona suna sake tohowa. Manyan gungumen kirya da marke da gawo, da gawayin da aka yi da su, shekaru masu yawa ne aka ƙone a yini guda. Gawayi shi ya fi ɓarna: a ramin gargajiya sai an ƙona itace kilo biyar zuwa takwas kafin a samu kilo ɗaya. Idan akwai abu guda da butalin gas ya kamata ya kora daga gida tun ranar farko, gawayin shayi da na ɗumame ne.

Manyan hukumomin duniya sun daɗe suna ɗari-ɗari da gas saboda daga man fetur yake. A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, ƙasashe da bankuna da dama sun yi alkawarin daina zuba kuɗin gwamnati a makamashin fetur da gas a ƙasashen waje. Manufar tana da hujja a inda aka yi ta, amma a auna ta a nan. Ƙona ciko ɗaya yana fitar da iskar kabon kusan kilo 18. Itacen kilo 70 da ya maye gurbinsa yana fitar da sama da kilo 100, ban da baƙin hayaƙi, kuma idan daga dajin da ba ya farfaɗowa aka saro shi, babu mai mayar da wannan iskar. Ɗan Nijar kuwa, a matsakaici, kusan kashi ɗaya cikin goma na tan yake fitarwa a shekara daga man fetur da makamantansa, ɗan Amurka sama da tan 13. Ba daidai ba ne a ce wa matar unguwar Kara-Kara ta jira wutar lantarki mai tsabta kafin ta bar hayaƙi. Ra'ayin ya fara sauyawa: Bankin Duniya ya sanar da asusun dalar Amurka miliyan 500 don girki mai tsabta a 2019, kuma a taron Paris na Mayu 2024 an yi alkawarin biliyan 2.2 ga Afirka, alhali Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce ana bukatar biliyan 4 kowace shekara. Abin da zai nuna ko kuɗin ya iso shi ne rumbun ajiyar gas da sababbin butula a jihohi, ba yawan tarurruka ba.

Wata hanyar da kuɗin waje ke shigowa ita ce rabon ingantattun murhu kyauta ko a rahusa, inda mai rabon ke sayar wa kamfanonin Turai da Amurka shaidar cewa an rage hayaƙi. Idan murhun mai kyau ne a karɓa. Amma a san cewa takardar da ake sa wa hannu galibi tana miƙa wa mai rabon hakkin sayar da wannan ragin, kuma wani bincike na jami'ar Berkeley da aka buga a 2024 ya samu cewa irin waɗannan ayyuka suna ƙirga ragin da ya ninka na gaskiya kusan sau tara. A tambayi mai rabon abu biyu kafin a sa hannu: wa zai gyara murhun idan ya lalace, kuma me unguwa za ta samu daga kuɗin.

Shawararmu ga gida a Damagaram ita ce butali da murhu Mai Sauƙi tare, ba ɗaya ba. Mai Sauƙi, na ƙarfe da maƙera ke yi, da ɗan'uwansa Albarka na laka, sun daɗe a ƙasar nan tun shekarun 1980, kuma idan an yi amfani da su daidai suna rage itace da kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye. Sirrinsu a awo yake: kowane murhu na lambar tukunya guda ne. Tukunyar ta nutse a ciki, tazarar da ke tsakaninta da bangon murhun ta zama kamar kaurin ɗan yatsa ko'ina a zagaye. Idan aka ɗora ƙaramar tukunya a babban murhu, an koma duwatsu uku ke nan da kuɗin ƙarfe a kai. A je wurin maƙeri da tukunyar a hannu. A faskara itace sirara, busasshe, guda biyu ko uku a lokaci ɗaya, ƙofar murhun ta fuskanci iska, a riƙa kwashe toka. Da wannan murhu ciko ɗaya yana daidai da itace kusan kilo 45 ne kawai, don haka idan gas ya haura jika biyu da rabi a bayan fage, babu dalilin binsa. A yi tuwo da wake da ruwan wanka a Mai Sauƙi, a bar gas ga shayi, kunu, miya da ɗumame. Kwal ɗin ƙasa da ake haƙowa a yankin Tchirozérine shi ma ana sayar da shi don girki, yana daɗewa yana ci, ya dace da masu dafa abinci mai yawa, sai dai yana da wuyar kunnawa, yana son murhunsa na musamman, kuma ba a kunna shi a rufaffen ɗaki.

Farashin ciko doka ce, ba alfarma ba, kuma ofishin kasuwanci na jiha ne ke da alhakin sa ido a kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo: ƙorafin da ya zo da sunan wuri, rana, kuɗin da aka karɓa da nauyin da sikeli ya nuna, musamman idan ƙungiyar mata ko ta masu saye ce ta kai shi, ko aka karanta shi a gidan rediyo, ya fi gunaguni a layi tasiri. Wanda ke da hali ya sayi butali na biyu mai launin na farko, ya riƙa cika shi tun ɗaya bai ƙare ba, musamman kafin azumi da kafin damina, lokutan da bukata ke hawa. A ajiye na biyun tsaye, a inuwa mai iska, hatiminsa a rufe, kuma a rubuta ranar da aka fara kowane ciko a jikin bango don a san kwana nawa yake yi.